Daga Jibrilu Zuwa Allon Gardi

A farkon shekara ta 11 bayan Hijira, daidai da 632 Miladiyya, Nana Faɗima ta shigo wurin mahaifinta Manzon Allah (SAW) a Madina, matansa na zaune kewaye da shi. Ya yi mata maraba, ya zaunar da ita a gefensa, ya raɗa mata wata magana. Sai kuka. Da ya ga hankalinta ya tashi ya sake raɗa mata wata, sai ga ta tana dariya. Nana A'isha, wadda abu ba ya wuce ta ba ta bi bahasinsa ba, ta tambaye ta me aka ce mata. Faɗima ta ce ba za ta tona sirrin Manzon Allah ba. Sai bayan ya yi wafati ta warware zancen. A raɗar farko ya gaya mata cewa Mala'ika Jibrilu (AS) ya saba bitar Alƙur'ani tare da shi sau ɗaya a shekara, amma a bana sau biyu suka yi, don haka yana ganin ajalinsa ya kusato. Raɗa ta biyu albishir ce gare ta ita kanta. Buhari da Muslim duk sun kawo labarin, kuma wata shida kacal ta yi a duniya bayan mahaifinta.

Masu wa'azi sukan tsaya a kan hawayen Faɗima, kuma wurin tsayawa ne. Amma mai bin tarihi akwai abin da zai ɗaga masa kunne a tsakiyar labarin. Ashe akwai wani zama da ake yi shekara-shekara, mai sanannen lokaci da sanannen tsari, har ta kai in an ƙara a kan adadinsa mutum zai gane wani abu na tafe. Wannan zama na mutum ɗaya da mala'ika ɗaya shi ne tushen yadda Musulmi ke karɓar Alƙur'ani har gobe, tun daga masallacin Kufa har rumfar tsangaya a Haɗeja ko Damagaram.

A aƙidar Musulunci mala'iku bayin Allah ne da aka halitta daga haske, ba sa saɓa umarni, kuma imani da su na cikin rukunan imani shida. Manyansu kowa da aikinsa. Mika'ilu an wakilta masa ruwan sama da tsirrai, Israfilu na jiran umarnin busa ƙaho, Mala'ikan Mutuwa na karɓar rayuka, ko da yake sunan Azara'ilu da ya zauna a bakin jama'a bai zo a Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi ba. Jibrilu ne babbansu, kuma amanar wahayi ce a hannunsa. Sau uku aka ambaci sunansa ƙarara a Alƙur'ani, biyu a Baƙara, ɗaya a Tahrim, ban da wuraren da aka kira shi Ruhul Ƙudusi ko Ruhul Amin. Shi ya zo wa Nana Maryam da albishir ɗin Annabi Isa, shi ya fito wa Nana Hajara da ruwan Zamzam, shi ya raka Annabi a daren Isra'i da Mi'iraji, kuma yana filin Badar a 624. Sau biyu Annabi ya gan shi a siffarsa ta asali mai fukafukai 600, sau ɗaya ya cika sararin samaniya a Makka, sau ɗaya a Magaryar Tuƙewa. Waɗannan duk al'amura ne na ranaku ƙididdigaggu. Aikin da ya shafe shekara 23 a kansa, 13 a Makka, 10 a Madina, koyarwa ne.

An fara ne a watan Ramadan na 610, a kogon Hira, can ƙololuwar dutsen da yau ake kira Jabalun Nur, arewa maso gabas da Ka'aba. Annabi na da shekara 40. Mala'ikan ya umarce shi da ya yi karatu, ya ce shi ba mai karatu ba ne, ya rungume shi ya matse har sau uku, sannan ya karanta masa ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ. Ya sauko jikinsa na ɓari. Nana Hadiza ta lulluɓe shi, daga baya ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal, tsoho da idonsa ya tafi, masanin littattafan Nasara, wanda ya ce ai wannan shi ne manzon da aka aiko wa Annabi Musa. Sai dai Annabi Musa alluna aka ba shi a rubuce. A riwayar Buhari ta ranar Hira babu allo babu takarda, murya ce ta shiga kunne ta zauna a zuciya.

Darasi na gaba a kan ladabin saurare ne. Abdullahi ɗan Abbas ya ba da labarin cewa da farko in Jibrilu na karantawa, Annabi kan riƙa motsa leɓɓansa yana bin sa da gaggawa, don tsoron kada wani abu ya kuɓuce masa. Sai ayoyi suka sauka a Suratul Ƙiyama suna hana shi wannan gaggawar, suna ba shi tabbacin cewa tattarawa da bayani suna wuyan Ubangiji. Daga ranar, in Jibrilu ya zo sai ya yi shiru ya saurara har ƙarshe, in ya tafi sai ya karanta kamar yadda aka karanta masa. Duk malamin allon da ya taɓa cewa kolo ya rufe baki ya bari a gama biya masa tukuna, ko ya sani ko bai sani ba, wannan ƙa'idar yake bi.

Ba kullum Jibrilu ke zuwa a ɓoye ba. Yakan zo a kamannin Dihyatul Kalbi, wani sahabi da ya shahara da kyau. Ya limanci Annabi kwana biyu a jere a gaban Ka'aba, rana ta farko a farkon lokacin kowace salla, ta biyu a ƙarshensa, don a san iyaka. Wata rana kuma ya shigo majalisi a siffar baƙo mai fararen tufafi fes da baƙin gashi wuluk, ba alamar tafiya a jikinsa, kuma ba wanda ya san shi. Ya zauna gwiwa da gwiwa da Annabi, ya yi tambaya a kan Musulunci, imani, ihsani da tashin Alƙiyama. Bayan ya tafi Annabi ya shaida wa Sayyadina Umar cewa Jibrilu ne ya zo koya musu addininsu. Wannan ne hadisi na biyu a Arba'una ta Nawawi, wanda kusan duk ɗan Islamiyya ya haddace tun bai san tsarki sosai ba.

Amma zaman Ramadan ya fi duk waɗannan barin gado. Ɗan Abbas ya ce Jibrilu na haɗuwa da Annabi kowane dare a watan suna darasin Alƙur'ani, kuma a lokacin ne kyautar Annabi ke kai maƙura. Abu Huraira ya ƙara da cewa a shekarar ƙarshe, wadda aka yi bita biyu, i'itikafinsa ma kwana 20 ya yi maimakon 10 da ya saba. Akwai wani ɗan saɓani a lafazin riwayoyin da ya zama alheri ga na baya. Wata ta nuna Annabi ne ke karantawa Jibrilu na saurare, wata ta nuna shi ake karanta wa. Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya haɗa su a Fathul Bari da cewa karɓa-karɓa suke yi, wannan ya karanta wancan ya ji, sannan a juya. Hanyoyi biyu ke nan da malaman ƙira'a suka ginu a kai: ɗalibi ya ji daga bakin malami, sannan malami ya ji daga bakin ɗalibi. In ɗaya ta faɗi, karatu bai cika ba.

Me ya sa ake bukatar bitar? Domin Alƙur'ani gutsi-gutsi ya sauka, gwargwadon abin da ke faruwa, kuma jerinsa a mushafi ba jerin saukarsa ba ne. Alaƙ da aka fara da ita tana ta 96. Baƙara ta ɗauki shekaru tana sauka a Madina, har ana ƙirga aya ta 281 cikinta a sahun ayoyin ƙarshe da suka zo. A zaman Ramadan ne ake bin abin da ya sauka daga farko har inda aka tsaya, kowace aya a gurbinta. Shi ya sa bitar ƙarshe, ta Ramadan na shekara ta 10, ta zama ma'auni a wurin sahabbai. Wasu riwayoyi sun ce Zaidu ɗan Sabit ya halarce ta, wasu sun ce Abdullahi ɗan Mas'ud.

Akwai kuma labarin da ya kamata a riƙe, don za a sake bukatarsa. Sayyadina Umar ya ji Hisham ɗan Hakim na karanta Suratul Furƙan a salla ba yadda shi aka koya masa ba. Da ƙyar ya daure har Hisham ya yi sallama, sannan ya shaƙe shi da mayafinsa ya ja shi gaban Annabi. Annabi ya sa kowa ya karanta, ya gaskata su duka biyun. Dalili shi ne Jibrilu ya fara karantar da shi a kan harafi ɗaya, shi kuma ya yi ta neman ƙari don sauƙaƙa wa al'umma, har aka kai bakwai.

Wafatin Annabi ya rufe ƙofar wahayi, amana ta koma ƙirazan mutane, mutane kuwa mutuwa suke yi. A yaƙin Yamama da Musailama mahaddata da yawa suka yi shahada, ciki har da Salim, bararren bawan Abu Huzaifa, ɗaya daga mutum huɗun da Annabi ya ce a karɓi Alƙur'ani a wurinsu. Umar ya matsa wa Sayyadina Abubakar a tattara, aka ɗora wa Zaidu, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya ce da dutse aka sa shi ya ɗauke da ya fi masa sauƙi. Ya bi rubuce-rubucen da ke kan ɓawon reshen dabino da fararen duwatsu, ya gwama da abin da ke ƙirjin mutane. Takardun suka zauna wurin Abubakar, sannan Umar, sannan Nana Hafsa.

A zamanin Sayyadina Usman, wajen 650, Huzaifa ɗan Yaman ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan a tsorace, don ya ga mutanen Sham da na Iraƙi na neman kafirta juna a kan karatu. Usman ya karɓo takardun Hafsa, ya kafa kwamitin mutum huɗu, Zaidu da Ƙuraishawa uku, suka kwafi mushafai aka rarraba wa manyan birane. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, an ruwaito cewa kowane mushafi da makarancinsa aka tura: Abdullahi ɗan Sa'ib zuwa Makka, Mugira ɗan Abi Shihab zuwa Sham, Abu Abdurrahman Assulami zuwa Kufa, Amir ɗan Abdu Ƙais zuwa Basra, Zaidu ya zauna da na Madina. Dole ce ta sa. Rubutun wancan lokaci ba ɗigo ba wasali, ba da ta da sa duk sura ɗaya gare su, sai daga baya irin su Abul Aswad Addu'ali da Halil ɗan Ahmad suka sa alamomi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne ke gyara gani.

Assulami ya shekara 40 yana karantarwa a masallacin Kufa. A wurinsa Asim ya karɓa, a wurin Asim kuma Hafsu ya karɓa. A Madina kuwa fagen na Nafi'u ne, baƙin mutum ɗan asalin Isfahan, wanda ya karanta a gaban tabi'ai 70, ya rasu a 785, kuma Imam Malik kansa ɗalibinsa ne a karatu. Wani Bamisire mai suna Usman ɗan Sa'id ya taso takanas zuwa Madina ya sauke a gabansa, Nafi'u ya laƙaba masa Warash, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ya koma Masar ya rasu a 812. Daga waɗannan zaure-zaure aka sami takardar da ake kira ijaza, wadda malami ke rubuta wa ɗalibin da ya sauke a gabansa da ka. Jerin sunaye ne: wane daga wane, wane daga wane, ana hawa ƙarni bayan ƙarni, ta kan Ibnul Jazari da Shaɗibi, har Warash daga Nafi'u, daga malamansa, daga Abu Huraira da ɗan Abbas, daga Ubayyu ɗan Ka'ab, daga Manzon Allah. Ba a nan ake tsayawa ba. Suna na gaba shi ne Jibrilu, daga Ubangijin talikai. Da wuya a sami wani fannin ilimi a duniya da takardar shaidarsa ke lissafa mala'ika a cikin malamai.

Karatun Nafi'u da mazhabar Malik tagwaye ne a hanya, tun da gari ɗaya suka fito. Ana danganta shigar da su Andalus ga Gazi ɗan Ƙais. Suka kafu a Ƙairawan da Fas, suka keto Sahara tare da fatake da malamai. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, kuma kafin Fulanin Malle su kawo littattafan tauhidi da lugga a zamanin Sarki Yakubu, malaman gari na da Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi. Amma cibiyar hadda gabas ce. A Borno akwai mushafin hannu mai kwanan wata na 1669, da fassarar tsohon Kanembu a tsakanin layukansa, kuma Muhammadu Bello, duk da takaddamar da ke tsakanin Sakkwato da Borno, ya yaba wa mutanenta a Infaƙul Maisur a kan kula da karatun Alƙur'ani da haddarsa. Har yau in aka ce wane ya tafi gabas, Bahaushe ya san ba kasuwanci ake nufi ba.

Wanda ya san tsangaya ya san cewa duk da allo da tawada, kunne ne sarki. Yaro na farawa da babbaƙu da farfaru, amma ba ya wanke allo sai malam ya ji karatun daga bakinsa, ba ya kuma ɗaukar ƙari sai an biya masa. Gardi ya rubuto satu ya kawo zaman darasu, ya karanta a gaban alarammomi, ana bin harshensa ana bin alƙalaminsa, ɗigo ɗaya ya kauce sai an tsayar da shi. A musaffa ana karɓa-karɓa, wannan ya ja, na kusa da shi ya ɗora, saura na kasa kunne. Gwanayen da suka ƙware a harji za su faɗa maka sau nawa kalma kaza ta zo da kuma inda ta zo, ba tare da buɗe mushafi ba. Rubutun ma na magariba ne, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama.

Shi kuwa watan azumi bai taɓa rabuwa da wannan gado ba. A shekara ta 14 bayan Hijira Umar ya tara mutane bayan Ubayyu ɗan Ka'ab a sallar asham, aka mai da sauraren karatu cikin dare abin jama'a. An ruwaito cewa Imam Malik kan ajiye majalisin hadisi in Ramadan ya kama, ya rungumi mushafi. Ibn Rajab, wanda ya rasu a 1393, ya fitar da hukuncin a fili a Laɗa'iful Ma'arif: daga zaman Jibrilu da Annabi ake gane falalar taruwa don darasin Alƙur'ani a Ramadan, da gabatar da hadda ga wanda ya fi ka, da yin hakan cikin dare.

A ƙasar Hausa wannan taruwa ta ɗauki siffar tafsiri. Jalalaini ne jagora shekara da shekaru. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kammala Diya'ut Tawili a 1816, bayan 'yan shekaru ya taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan, inda ya tsaya a kan riwayar Warash da mazhabar Malik don amfanin mutanen ƙasa. A ƙarni na 20 tafsiri ya fita daga zaure da fada ya hau iska. Sheikh Abubakar Gumi ya zauna a Masallacin Sultan Bello na Kaduna tun shekarun 1960, Rediyon Kaduna na kai muryarsa ƙauyuka, fassararsa ta Hausa ta fito a 1979. Sheikh Nasiru Kabara ya yi nasa a fadar Kano, Sheikh Ɗahiru Bauchi a Kaduna, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a Masallacin Indimi na Maiduguri har zuwa kisansa a 2007. Duk bambancin da ke tsakaninsu, tsarin zaman ɗaya ne: mutum biyu, alaramma mai jan baƙi da malam mai fassara, kowa na sauraren ɗan'uwansa. Gaskiya dai, wasu majalisun yanzu an fi jin raddi da siyasa a cikinsu fiye da aya, har alaramma ya yi rabin awa makirufo a gabansa bai ja layi ɗaya ba. Wannan kam ba bita ba ce.

Wani canjin ya fi wannan zurfi. Mushafin da aka buga a Alƙahira a 1924 ya ba riwayar Hafsu rinjaye a duniya. A 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, alhazai suka riƙa dawowa da kyautar mushafi, galibi na Hafsu, duk da maɗaba'ar na buga Warash da Ƙalun da Duri, riwayar da Hausawan Sudan suka saba ji a masallatan can. Kaset ɗin makarantan Masar da Saudiyya suka cika kasuwa, makarantun Islamiyya suka bi. A 1986 Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙar ƙasa, wadda ta fitar da matasa maza da mata da suka je ƙasashen Larabawa suka ciyo gasa. Ribar da aka samu a tajwidi ba mai musunta ta. Amma an sami yaran da ke jin tsohon alaramma ya taƙaita wasalin da su suka saba ja a Fatiha, ko ya karkatar da wani, sai su kyaɓe baki su ce ya yi kure. Rigimar Umar da Hisham ce ta dawo, sai dai a yau babu wanda za a ja mutum gabansa ya raba gardama, sai ilimin riwaya. Wanda ya san silsilar malamai ta ijaza ya san Warash da Hafsu duk a bakin mala'ika ɗaya suke tuƙewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ɗan musabaƙa na iya zuwa Alƙahira ko Madina ya dawo da ijazarsa a rubuce, shi kuwa gwanin tsangaya shaidarsa ita ce mushafin da ya rubuta da ka da kuma yardar 'yan'uwansa gwanaye. Sunayen waɗanda suka biya masa, da garuruwan da ya bi a gabas, a kansa suke, kuma tsofaffin na ta tafiya. Cibiyar Nazarin Alƙur'ani ta Jami'ar Bayero da takwararta ta Sakkwato na da hurumin bin su gari-gari a ɗauki muryoyinsu a rubuta malamansu. Kafin su motsa, mai karatu da ke da tsohon alaramma a unguwarsu ya je ya gaishe shi a azumin bana, ya tambaye shi wa ya biya masa, wa ya biya wa malaminsa, ya rubuta sunayen ya ajiye.